Jar Motar Gidan Gogo

A Jimeta, duk wanda ya ce maka "je wurin Jirgin Ruwa", ni yake nufi. Sunana Zadok, shekara ashirin da shida ina kanikanci, garejina yana gefen Shagari Low Cost, amma ba wanda ya damu da wannan. Abin da mutane suka riƙe shi ne shekarar da Binuwai ta yi ambaliya. Wani ɗan kasuwa ya ɗauke ni in duba masa motar da zai saya, na bugi ƙirji na ce lafiyarta ƙalau. Bayan sati uku wayoyinta suka fara hayaƙi, da aka ɗaga kafet sai ga laka da ƙananan katantanwa. Ashe kwana tara ta yi a cikin ruwa. Tun daga ranar sunan ya manne mini, har matata Selina in ta so tsokana da shi take kirana cin tuwo.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, kuma ya mayar da ni mugu. Duk wanda ya zo sayar da mota, ɓarawo nake ɗaukarsa tun kafin ya buɗe baki.

A haka Usaid ya same ni wata Juma'a. Ɗan wani ɗan kwangila ne a Karewa, irin samarin nan da ke juya makulli a yatsa ko da a ƙasa suka zo. Ya miƙo mini waya. Hoton wata jar mota ce mai ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, silinda takwas. Motar tsere ce sak. Irinta ba su fi uku ba da na taɓa gani a Adamawa, kuma a garin nan ni kaɗai na taɓa buɗe irin injinta, tun zamana a wani gareji a Kaduna.

"Miliyan talatin da takwas suka sa," in ji Usaid. "Mita ya nuna kilomita dubu tara."

"Mota ɗin shekara goma sha ɗaya, kilomita dubu tara?" Na yi dariya. "Keken ɗinkin Selina ya fi shi tafiya."

"Shi ya sa na zo. Duk abin da ka rage mini, kashi ɗaya cikin goma naka ne." Ya mayar da wayar aljihu, sannan ya ƙara, "Amma abeg, Oga, wannan karon ka ɗaga kafet."

Na haɗiye maganar. Na ƙudura a raina cewa a kan wannan motar zan wanke sunana, ko da kuwa sai na tone ta ƙusa-ƙusa.

Washegari da hantsi muka shiga Yola. Gidan yana Ajiya, tsohon gini mai zaure biyu. Wata mata mai tabarau ta tarbe mu, ta ce sunanta Zuhra, malamar makaranta ce. Babu dillali, babu namiji ko ɗaya. Nan zargina ya fara: wa yake sayar da motar miliyan talatin da takwas ba dillali?

Ta bi da mu ta wani lungu har bayan gida. Motar tana ƙarƙashin rumfar kwano, hancinta ga bango, an wanke ta tana sheƙi. Nesa kaɗan, a inuwa, wata tsohuwa tana zaune a tabarma da carbi, ta miƙe ƙafa ɗaya da aka naɗe da tsumma a gwiwa.

"Gogo Hansai ce, ƙanwar babanmu," in ji Zuhra. "Ita ta rene mu."

Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta amsa da Fillanci, "jam, jam", ba ta ɗago sosai ba.

Na nemi takardu. Na kwastan daidai, na rajista daidai, duk da sunan wani Abba, amma tun shekarar da aka sayi motar ba a sake sabunta komai ba.

"Madam, ina mai mota ɗin?"

"Ba ya nan."

"Ina ya je?"

"Ya yi tafiya."

"A kira shi a waya mana."

Zuhra ta dubi tsohuwar, ta dubi ƙasa. "Ba ya inda ake samun waya. Akwai takardar kotu da ta ba ni izinin sayarwa, ga ta."

Na karɓi takardar na karanta sama-sama. Zuciyata ta riga ta yanke hukunci: ko yana kurkuku, ko ya gudu da kuɗin mutane. Na kashe wa Usaid ido, na sa kayan aiki.

Kafet na fara ɗagawa, ba don Usaid ba, don kaina. A bushe take. Na ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, babu tabon ruwa. Na bi jikin da maganaɗisu ko an cike wani rami da aka fente, babu. Na ji haushi ƙwarai, don mutum in ya zo kama ɓarawo ba ya son ya tarar da gida a share.

Sai na buɗe ƙofar direba, na ga abin da nake nema. Fatar gefen kujerar ta goge, ta tsattsage, irin gogewar da shiga da fita sau dubbai ke yi. Mariƙin ƙofa ya koɗe. Maɓallin tayar da injin, rubutun kansa ya shafe gaba ɗaya. Na leƙa ƙasa da tocila: robar birki ta cinye a kusurwa ɗaya har ƙarfe na leƙowa. Motar da ta yi kilomita dubu tara ba ta yin haka, ko da jaki ne direbanta.

Tayoyin kuwa haƙoransu sababbi fil, amma lambar jikinsu ta nuna tsofaffi ne, gefensu duk ya tsattsage. Na ce a raina, wato sun samo tsofaffin tayoyin da ba a taka ba sun ɗaura don su rufe ido. Na sha ganin wannan wasan.

Na jona kwamfutata. Masu juya mita sukan manta da abu ɗaya: injin irin wannan yana ƙirga awannin da ya yi a kunne, a wani wuri dabam da hannunsu ba ya kaiwa. Lambar ta fito. Awa dubu biyu da 'yan kai. Daɗi ya kama ni.

Na miƙe na kakkaɓe gwiwa, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Madam, kilomita dubu tara, awa ɗari biyu ne, in ya yi yawa ɗari uku. Wannan injin ya yi awa dubu biyu. Wato mota ɗin ya ci kilomita dubu tamanin, aka juya mita aka mayar da shi tara. Duba kujera. Duba birki. Wa kuka ba ya juya muku? Ku koma ku karɓi kuɗinku, bai iya aiki ba."

"Ba wanda ya taɓa mitar nan," in ji Zuhra.

"To injin ne maƙaryaci? Shekara ashirin da shida ina aikin nan, ban taɓa ganin ƙarfe ya yi ƙarya ba. Mutane ne suke yi. Har da masu carbi."

Wannan ta ƙarshen ban san daga ina ta fito ba. Carbin tsohuwar ya tsaya. Ta kawar da kai gefe kawai. Fuskar Zuhra ta canza, ta buɗe baki kamar za ta yi bayani, ta dubi Gogo, ta rufe. Ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi.

Usaid ya matso kusa da Zuhra yana murmushi. "To, Hajiya, kin ji. Ni ba na son rigima. Miliyan goma sha biyar."

"Albarka."

"Mota mai juyayyen mita fa. In labari ya fita a Jimeta, ko goma ba za ki samu ba. Kuma Oga Zadok ba ya iya riƙe bakinsa. Sha shida."

"Albarka."

"Sha bakwai. Kuma maganar mita ta mutu a nan, ba wanda zai ji cewa gidan nan..."

"Na sallama," in ji Zuhra da sauri. "Ku ɗauka. Ku dai daina maganar nan a gaban Gogo."

Miliyan ashirin da ɗaya na rage a cikin awa guda. Na yi lissafin rabona tun kafin ta rufe baki, na kuma fara tsara yadda zan ba da labarin a wurin mai shayi. Usaid ya jefo mini makulli ya ce in fito da ita mu ɗan zaga, ya ji muryarta a kan titi.

Na shiga. Kujerar an matso da ita gaba sosai, gwiwoyina suka daki sitiyari, sai da na tura ta baya. Na taka birki, na danna maɓalli, injin ya tashi da gurnani har kwanon rumfar ya amsa. Na ɗora ƙafa a kan totur. Robarsa ta kama tafin takalmina da kaushi, irin kaushin sabon abu. Na sunkuya na duba. Birki ya cinye, totur kuwa ko ƙwarzane babu. Wane irin direba ne zai yi kilomita dubu tamanin yana taka birki bai taɓa totur ba?

Na sa giyar baya, na ɗaga ido ga madubi. Ni dogo ne, amma ban taɓa shi ba ya zauna daidai idona, alhali kujerar ta gajeren mutum ce. Kuma abin da ya cika madubin kututturen itace ne.

Na kashe motar na fito. Mangwaron da Gogo ke zaune a inuwarsa yana tsaye ne tsakanin bayan motar da ƙofar ƙarfen da ke fita titi, taku uku daga salansar motar. Kaurinsa ya fi cinyata. Hagu bango, dama ɗakin girki. Ko keken hannu sai an karkata shi kafin ya wuce. Ƙofar kanta tsatsa ta haɗe ta da ƙasa. Na shiga ƙarƙashin motar nan, na shinshina kafet ɗinta, na karanta cikin injinta da kwamfuta, amma ban ga itacen da yaron goye zai gani ba.

Na je na durƙusa gaban tsohuwar.

"Gogo, mangwaro ɗin nan, shekaransa nawa?"

Ta dubi itacen. "Daminan da ya biyo shigan Mubi ya fito," ta ce. "Shi ya sha, ya jefa ƙwallo a wurin."

Ba ta faɗi sunansa ba. Sai a lokacin na tuna inda nake. Mutanen nan ba sa shanya baƙin cikinsu a gaban baƙo, kuma mace irin Gogo ba ta kama sunan ɗan da ta fara reno, balle ta zauna tana ba wa bakanike labarinsa don a ƙara mata kuɗin mota. Na zauna da su shekara da shekaru, na san haka sarai. Zargi ne ya toshe mini kai.

Zuhra ce ta faɗa, a gajarce, tana kallon bango. Abba yayanta ne. Wata huɗu da sayen motar 'yan bindiga suka shiga Mubi. Iyayen matar Abba suna can, matar kuma tana nan da tsohon ciki. Ya ari a-kori-kura ya tafi ɗauko su, don jar motar ba ta iya ramukan hanyar. Kafin ya fita ya zaunar da Gogo a kujerar, ya nuna mata inda za ta taka da inda za ta danna, ya ce ta riƙa tayar masa da ita kullum kada batir ya mutu, kwana uku zai yi. Surukan sun iso da ƙafa bayan sati biyu. Shi har yau.

"Kullum da safe takan shiga, ta tayar, ta ja carbi rabin awa, ta kashe," in ji Zuhra. "Mai da galan muke sayowa. Batir biyar muka canza. Yanzu gwiwarta ba ta iya danna birki, ita da kanta ta ce a sayar wa wanda zai iya. Kuɗin na Nahla ne, 'yarsa. An haife ta bayan tafiyarsa."

Rabin awa kullum, shekara goma. Ba sai na taɓa kwamfuta ba, lissafin ya fito daidai da lambar da na yi ta daka tsalle a kanta. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba ko ranar katantanwa.

Usaid ya ja ni gefe. "Oga, Allah ya ji ƙansa, amma ciniki ya faɗa. Ta ce ta sallama, kai shaida ne. Miliyan biyu da ɗari ɗaya naka. Ka yi shiru kawai. In ka buɗe baki, me za a ce a Jimeta? Jirgin Ruwa ya sake nutsewa."

Gaskiya ya faɗa, abin da za a ce ke nan. Kuma ba zan yi ƙarya ba, sai da na tsaya na auna. Sannan na koma tsakiyar gidan, na ɗaga murya daidai yadda na ɗaga ta ɗazu, don a inda na zubar da mutuncinsu a nan ya kamata in kwashe.

"Gogo, Madam, na yi kuskure. Mita ɗin gaskiya ne. Ba wanda ya juya komai. Maganan carbi da na yi, ki yafe mini."

"An riga an sallama," in ji Gogo a hankali. "Ba mu komawa kan magana."

"Ka ji ko?" in ji Usaid.

Na ja shi da Zuhra zuwa zaure, inda tsohuwar ba za ta ji ba, don sauran maganar ba ta kunnenta ba ce. Mota irin wannan gudu take so. A tayar da ita a tsaye kullum ba a fita da ita ba, shi ne abin da ya fi cutar da ita. Baƙin hayaƙi ya daskare a cikin injin, baƙin man ya tsinke da fetur, robobi sun bushe, man birki ya sha ruwa, tayoyi huɗu sai sababbi. Na lissafa musu ɗaya bayan ɗaya, aikin miliyan shida ne. Zuhra ta cire tabarau ta goge.

"Kada Gogo ta ji wannan," ta ce.

Na juya ga Usaid. "In an cire gyara, kuɗin mota ɗin talatin da biyu ne. Wancan sallama a kan ƙaryata aka yi shi. In ka ɗauka a sha bakwai, ɗauka. Amma in ka tuƙa shi haka, injin zai buga kafin ka kai Karewa, kuma daga nan har Kaduna ba wanda ya san cikinsa sai ni. Ni kuma ko sukurudireba ba zan ɗora masa ba. Sai ka ajiye shi a gida kana ɗaukan hoto."

Ya zage ni da Turanci, ya zage ni da Hausa. Ya fita har bakin titi ya dawo, don na ga yadda idonsa ya yi lokacin da injin ya yi gurnani. Ya ce ashirin da biyar. Zuhra ta dube ni, na girgiza kai, ta ce albarka. Ya ce ashirin da takwas, ta ce albarka, wannan karon ba ta dube ni ba. A talatin da ɗaya suka tsaya, sare itace da fasa ƙofa a kansa. Ya ce mini kada in sa ran ko sisi, kuma kafin la'asar duk Jimeta za ta ji yadda kwamfuta ta kasa ganin mangwaro. Ya cika alkawarinsa, duka biyun.

Na koma bayan gida tattara kayana. Na shiga motar na mayar da kujerar gaba yadda na same ta, madubin kuwa ban taɓa ba, yana nan yadda Abba ya bar shi. Ina naɗe wayar kwamfuta Gogo ta yafito ni. Na durƙusa a bakin tabarmar.

"Ɗana, kai ka ga cikinsa," ta ce. "Na riƙe shi da kyau?"

Zuhra tana tsaye a bayanta, ta kafe ni da ido. Ni kuma na riga na yi wa tsohuwar nan ƙarya ɗaya a ranar, ban da ƙarfin yin ta biyu. Na dubi motar, na dubi gwiwar da ke naɗe da tsumma.

"Gogo, batir ɗin bai mutu ba," na ce. "Bugu ɗaya ya tashi."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki carbinta.

"Abin da ya ce ke nan," ta ce. "Kada ya mutu kafin ya dawo."